Faifan Sola Mai "Kwantam": Saura Ƙiris In Zuba Jarina

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wutar lantarki a Omdurman ta zama sai ta ga dama, shi ya sa kowa ya koma sola. Makon jiya wani dillali ya kawo mini faifan sola, wai na "kwantam" ne, kuɗinsa ya kusa ninka na gama-gari. Wallahi har na fara ƙirga kuɗi, sai na kira ɗan ƙanwata da ya karanta fiziks a Jami'ar Khartoum.

Ya ce, "Kawu, riƙe kuɗinka. Binciken gaskiya ne, amma bai iso kasuwa ba."

Ga yadda na fahimta. Kwantam ilimi ne na halayyar abubuwa 'yan mitsi-mitsi, irin ƙwayar haske. Idan haske ya faɗa kan ganye, makamashinsa yakan ratsa wasu ƙwayoyi kafin ya isa inda za a sarrafa shi, kuma kaɗan ne ke ɓacewa a hanya. Masana na son gano sirrin. Lissafin yakan yi wa kwamfuta ta yau da kullum nauyi idan ƙwayoyin suka yi yawa, sai su kwaikwayi tafiyar a kan na'urar kwantam.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar hayaniya, wato girgiza da zafin da ke damun ƙwayoyin. Ni na ɗauka ɓarna ce zalla. Ashe a 2019 masu bincike a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya sun jera ƙwayoyin zarra 10, suka riƙa ƙara musu hayaniya da gangan. In babu ita, makamashin sai ya maƙale a wuri ɗaya. Da aka sa matsakaiciya sai ya wuce, da ta yi yawa kuma ya sake tsayawa. Na ce ai amalanke ce da ta kafe a lungun kasuwa: a ɗan jijjiga ta sai ta fita, in kowa ya tura ta nasa ɓangaren ba inda za ta.

Har yanzu masanan na ta muhawara kan ko ganye na cin moriyar kwantam sosai. Shi kuwa faifan dillali, da muka juya bayansa muka karanta takardar, silikon ne irin wanda ke mayar da wajen kashi 20 cikin 100 na hasken rana wuta. Na taya shi a farashin sauran, ya naɗe kayansa ya yi gaba.