Aikin Likitan Hoto: Abin Da Ya Kamata Ɗalibai Da Gwamnati Su Duba

Duk wanda ya san asibitocin Kakuri, wato na Gwamna Awan da na St Gerard, ya san yawan marasa lafiyar da ke zuwa daga Makera da Barnawa da Sabon Tasha, ga kuma waɗanda hatsarin mota ke rutsawa da su a hanyar Abuja. Da yawansu ba a gane ciwonsu sai an ɗauki hoto, hoton kuwa ba ya amfani sai da gwanin karanta shi.

Ya kamata ɗalibai su rarrabe aiki biyu. Mai ɗaukar hoto yana karatun shekara 5 a jami'a, hukumar da aka kafa a 1987 ta yi masa rajista. Likitan hoto kuwa sai ya yi likitanci shekara 6, da shekarar gwaji, da ta bautar ƙasa, sa'an nan ya shiga horon ƙwarewa na wajen shekara 5 a asibitin koyarwa irin na Shika, ya ci jarrabawar Kwalejin Manyan Likitoci ta Nijeriya ko ta Afirka ta Yamma.

Aikin ya wuce karanta hoto. Tun 1964, lokacin da Dokta Charles Dotter na Amurka ya buɗe toshewar jijiyar ƙafar wata tsohuwa da siririn bututu, likitocin hoto suke yin magani da kansu. Sukan zura bututun ta jijiyar cinya, suna kallo a allo, su tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ko su toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin mahaifa, ba tare da fiɗa ba.

Masu tsoron kwamfuta za ta ƙwace aikin su tuna a 2016 masanin nan Geoffrey Hinton ya ce a daina horar da likitocin hoto. Ga shi har yau Ingila na kukan ƙarancinsu, abin da ke ƙara jan likitocinmu waje.

To, nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya share shekara 13 yana karatu ba zai zauna gadin na'urar da ta lalace ko ta rasa wuta ba. Idan gwamnati ta sayi na'ura, lalle ne ta ware kuɗin gyara da na lantarki, ta kyautata albashi, ta kuma ɗauki nauyin horon 'yan jiha bisa sharaɗin su dawo su yi wa jama'arsu aiki.