Zafin Turai da Tsofaffin da Aka Bari a Ɗaki

Ranar 19 ga Yuli, 2022, ma'aunin zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, abin da ba a taɓa gani ba tun da ƙasar ta fara ajiye lissafin yanayi. Mun san mai karatu a Sakkwato ko Maiduguri zai yi murmushi, domin shi da irin wannan rana yake cin kasuwarsa a watan Afrilu. To amma al'amarin ya fi ƙarfin murmushi. A kwanakin nan ƙarfen layin dogo ya lanƙwashe, zafi ya lalata wani sashe na titin saukar jirage a Luton, 'yan kwana-kwanan Landan kuma suka yi aikin da ba su yi irinsa ba tun Yaƙin Duniya na Biyu. Hukumar lafiya ta ƙiyasta cewa zafin wannan shekara ya zama ajalin kusan mutum 3,000 a Ingila.

Dalili bai ɓoyu ba. Gidajensu an gina su ne don maganin sanyi, wato su kama ɗumi su riƙe, kuma ƙalilan ne ke da na'urar sanyaya ɗaki. A watan Yuli rana takan yi sa'a goma sha shida a sama, dare ba ya tsawon da gini zai huce. Jiki ma yana bukatar mako ɗaya ko biyu kafin ya saba da zafi, alhali can kwatsam yake sauka. Don haka likitoci suka shiga koya wa jama'a abin da ya saɓa wa al'adarsu: a rufe tagogi da labule da rana, a buɗe da dare, a yawaita shan ruwa, a daina fita shan hantsi tsirara-tsirara da tsakar rana.

Sai dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Faransa a 2003. Cikin kwanakin farko na Agusta mutum kusan 15,000 suka mutu, mafi yawansu tsofaffi, da yawa kuma su kaɗai a ɗaki. Agusta watan hutu ne a ƙasar: 'ya'ya sun tafi bakin teku, likitoci sun tafi, ministoci sun tafi. A Paris akwai tsofaffin da ke zaune a ƙananan ɗakuna na ƙololuwar bene, ƙarƙashin rufin kwano, inda zafi ke taruwa kamar tanda. Tsoho kuwa ƙishirwa ba ta cika damunsa ba ko da jikinsa na bushewa, sai an sami mai miƙa masa ruwa ya tsaya har ya sha. Ba a samu ba. Mutuware ta cika, har aka kai gawarwaki ɗakin sanyi na kasuwar abinci ta Rungis. A farkon Satumba aka binne mutum 57 a maƙabartar Thiais ba tare da wani ɗan'uwa ya zo nemansu ba. Shugaba Jacques Chirac ne ya halarta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙasa mai asibitoci irin na Faransa, a rasa wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa!

Gaskiya ɗaya ce, sun ɗauki darasi. Daga 2004 doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ajiye rajistar tsofaffi da naƙasassu da suka nemi a rubuta su, domin a buga musu waya ko a leƙa su idan zafi ya tsananta, aka kuma tilasta wa gidajen tsofaffi tanadar ɗaki mai sanyi. A Yunin 2019 zafi ya kai digiri 46 a kudancin ƙasar, ya zarce na 2003, amma mamatan bazarar ba su wuce 1,500 ba. Abin lura shi ne, babban abin da gwamnati ta yi shi ne ɗaukar ma'aikata su sauke haƙƙin da ke wuyan ɗa da maƙwabci.

A nan muke kira ga 'yan'uwanmu Musulmi mazauna waɗannan ƙasashe, musamman kwamitocin masallatai. Shari'a ta yi sauƙi: Sunna ce a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta har rana ta yi sanyi, kuma babu laifi ga tsoho mai rauni ya yi sallarsa a gida. Amma wanda aka ɗauke wa zuwa jam'i, sai jama'a su je gare shi. Kowane masallaci ya san dattawan sahun gaba da zawarawan unguwa. A rubuta sunayensu tun kafin Yuni, a raba wa matasa, kowa da gidan da zai leƙa safe da yamma ranar da hukuma ta yi gargaɗi. Maƙwabcin da ba Musulmi ba, shi ma a sa shi cikin takardar.