Taimakon Danja da taimakon kyamara



Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa ya san Danja. Tun 1956 ƴan mishan na SIM suka kafa asibitin kutare a wurin, lokacin da ko dangi na jini kan ware wa kuturu ƙwaryarsa. A 2012 kuma aka buɗe sashen mata masu yoyon fitsari. Mu Musulmi ne, mun kuma san bishara ce ta kawo su, ba su taɓa ɓoyewa ba. Amma wanda ya shekara sittin da ɗoriya yana wanke gyambon da ba nasa ba, a faɗi alherinsa.

Akwai wani irin taimako daban, wanda nauyin zuciya ke haifarwa. Bature ya ga yaro mai tamowa a talabijin, ya tuna mulkin mallakar kakanninsa, abinci ya ƙi shigar masa. Sai zanga-zanga, sai tara kuɗi, kamar bikin waƙar Live Aid na 1985 saboda Habasha. In hankalinsa ya kwanta, shi ke nan, ya sauke faralinsa. Mun gan su a 2005, sun cika Maraɗi da motoci da kyamara, da yawansu ba su ga girbi na biyu ba.

To, amma kada mu yi saurin yanke hukunci. A wannan shekarar shugaba Tanja Mamadu cewa ya yi babu yunwa a ƙasa. Masu surutun nan ne, musamman likitocin MSF, suka tilasta wa duniya dubawa, har gwamnati ta dakatar da reshensu na Faransa a Maraɗi a 2008. Da kowa ya yi shiru irin na Danja, yara nawa za a ƙara binnewa a ƙasar Madarunfa?

Shi kansa aikin mishan bai kuɓuta daga siyasa ba. A yunwar 1984, wadda talakawa suka raɗa wa suna El-Buhari, Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya, ya raba hatsi bisa sharaɗin manomi ya bar tohon kututture ya girma a gonarsa. Da rabon ya ƙare, aka sare mafi yawan itatuwan. Me zai sa mutum ya reni iccen da doka ta ce na gwamnati ne, in ya taɓa reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara? Sai da hukuma ta sassauta hannu sassaben zamani ya kama ƙasa, har masana suka ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar.

Abin da ke damuna kuwa na gida ne. A 2005 hatsi bai yanke a kasuwannin Maraɗi ba, tiya ce ta fi ƙarfin talaka. Alhazaina ƴan kasuwa, ku ke da makullan sito a damanar nan. Ku kuma ma'aikata, ta tebur ɗinku rahotannin ƙauyuka suka bi.