Kunnen Maniyyaci Ma Yana Bukatar Bita

Duk shekara maniyyata daga unguwar Kusugu da sauran sassan masarautar Daura kan nufi filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina domin tashi zuwa ƙasa mai tsarki. A wurin bita ana koya musu ɗaurin harami da ɗawafi da jifa, amma ba kasafai ake gaya musu abin da zai sami kunnuwansu cikin jirgi ba. Wannan giɓi ne da ya kamata a cike.

Al'amarin na nauyin iska ne. Kamar yadda ruwan ƙasan rijiyar Kusugu ke ɗauke da nauyin ruwan da ke bisansa, haka iskar doron ƙasa ta fi ta sama matsi. Jirgi kan yi tafiya a tsayin mita 10,000 ko fiye, shi ya sa ake daidaita iskar cikinsa ta zama kamar ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Bayan dodon kunne akwai ɗan kogo mai iska, wanda wata siririyar kafa ta haɗa shi da bayan hanci. Idan jirgi ya fara sauka, matsin waje sai ya ƙaru. In kafar nan ba ta buɗe ba, sai dodon kunne ya lotsa ciki, ji ya dushe, zogi ya taso. Wani lokaci, ko da yake ba safai ba, har dodon kunnen yakan fashe.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Haɗiyar yawu da hamma da tsotsar alewa duk suna buɗe kafar. In hakan bai wadatar ba, sai mutum ya toshe hanci da yatsu, ya rufe baki, ya hura a hankali, dabarar da aka laƙaba wa sunan likitan Italiya Antonio Valsalva, wanda ya wallafa littafinsa kan kunne a 1704. Kada a yi barci lokacin sauka, domin mai barci ba ya yawan haɗiyar yawu. Jariri kuwa a ba shi nono. Mai fama da mura, musamman a lokacin hunturu, shi ya fi shiga haɗari, saboda haka ya ga likita kafin tafiya.

Mai yiwuwa a ce lokacin bita bai isa ba, ibada ce kan gaba. Amma dattijon da ya sauka Jidda ko Madina kunne a toshe, yaya zai ji umurnin jagoransa cikin cunkoso? Minti biyar sun isa wannan darasi. Ya dace Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina ta sa ma'aikacin lafiya ya gwada dabarun nan a gaban maniyyata a kowace cibiyar bita. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.