Sharhi: Tarin Fuka da Ciwon Sukari a Filifin, Gwaji Kafin Jiƙo

Sharhinmu na yau zai leƙa ƙasar Filifin da ke kudu maso gabashin Asiya, ƙasa mai tsibirai sama da 7,000 da al'umma fiye da miliyan 100, inda tarin fuka da ciwon sukari suka haɗu suna cin jama'a.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 sun nuna cewa a cikin kowane mutum 100 da suka kamu da tarin fuka a duniya, kusan bakwai 'yan Filifin ne. Ga shi kuwa magani kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati, akwai na'urar GeneXpert mai gano cutar a kaki cikin kamar awa biyu, kuma tun 2016 ƙasar ta kafa dokar yaƙi da cutar. To ina gizo ke saƙa? A jinkiri yake saƙa. Binciken ƙasa da aka yi a 2016 ya gano cewa a cikin masu alamomin cutar, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ya je wurin ma'aikacin lafiya. Sauran ko dai sun sha maganin da suka ga dama, ko sun zauna suna jiran tarin ya wuce.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai tuƙa babur mai ƙafa uku a Manila, in ya kwashe yini a layin asibiti, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Mazaunin ƙaramin tsibiri sai ya biya kuɗin kwale-kwale kafin ya ga likita. Ga kuma kunya, domin mutane da yawa gara su ce huhunsu ne ya yi rauni da a ji suna da tarin fuka, gudun kada a ware musu kwano ko su rasa aiki. A wannan zaman jira, mutum guda yana iya sa wa mutum 5 zuwa 15 cutar cikin shekara, kuma galibi iyalinsa ne na farko.

A nan ne maganin gargajiya ya shigo. Filifin ba ta raina shi ba. Ma'aikatar lafiyarta ta amince da tsirrai goma, kuma a 1997 aka yi dokar da ta kafa cibiyar nazarin maganin gargajiya. Cikin tsirran akwai lagundi, da ake sha don tari, da ampalaya, ɗan'uwan garafuninmu mai ɗaci, da ake sha don rage sukari. Wasu kuma suna dafa ganyen banaba su sha. Daraja abin da ƙasarka ta tsirar abin yabo ne. Amma lagundi yana lafar da tari ne kawai, ba ya kashe ƙwayar tarin fuka. Mai sha sai ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke, alhali cuta na ci gaba da cin huhunsa. Ampalaya kuwa, nazarce-nazarcen da aka yi a kansa ba su kai a ce ya maye gurbin metformin ko insulin ba. Ƙarfin jiƙon yau ba shi ne na gobe ba, kuma wanda ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma kan jiƙon, ya daina auna jininsa, bai san inda sukarinsa ya tsaya ba.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sukarin da ya yi yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa mai ciwon sukari ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka har ninki biyu zuwa uku. In ya kamu, warkewarsa ta fi wuya, cutar ta fi saurin dawo masa. Bugu da ƙari, rifampicin, ɗaya daga cikin ƙwayoyi huɗun da ake farawa da su a jinyar wata shida, yana rage ƙarfin wasu magungunan sukari, don haka dole likita ya san duk abin da majinyaci ke sha, har da jiƙon da ke gida. Saboda haka ne tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa auna sukarin mai tarin fuka, a kuma duba huhun mai ciwon sukari.

Ra'ayinmu shi ne, duk gwamnatin da ta yabi tsiro, wajibi ne ta faɗi iyakarsa da babbar murya. A kuma jawo masu maganin gargajiya, waɗanda can ake kira albularyo, a koya musu tura mai dogon tari zuwa gwaji, tunda wurinsu jama'a ke fara zuwa.

Wannan magana ta shafe mu, domin Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ɗan'uwa mai sauraro, in tarinka ya kai mako biyu, ko kana rama da zazzaɓi da gumin dare, je a gwada kakinka. In an ba ka magani, ka shanye shi har ƙarshen wata shida. In kana da ciwon sukari, kada ka ajiye maganin asibiti saboda sassaƙe, kuma ka gaya wa likita abin da kake sha. Allah Ya ƙara mana lafiya. A huta lafiya.