Dukan Kai Da Gushewar Hankali

Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, ku sani malaman fiƙihu ba su bar raunin kai ba sai da suka rarrabe shi daki-daki. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san muliha, watau raunin da ya bayyana ƙashi, diyyarsa raƙuma 5. Da munaƙƙila, wadda ke farfasa ƙashi, raƙuma 15. Da ma'amuma, wadda ta isa ga ƙwaƙwalwa, sulusin diyya. In kuwa duka ya gusar da hankali, to, diyya ce cikakkiya, raƙuma 100, daidai da ta rai.

Wannan duk raunin da ido ke gani ne, alƙali ya auna. Akwai wani wanda ba jini, ba tsaga, mai shi ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi, sai bayan shekara ashirin ko talatin abin ya taso masa. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. In aka naushi kan, sai ta bugu da bangon ƙashi daga ciki, siraran jijiyoyinta su miƙe, waɗansu su tsinke. Duka ɗaya mai tsanani yana ƙara hatsarin gigin tsufa. Ƙananan duka masu maimaituwa su ma haka.

A shekarar 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana halin tsofaffin 'yan damben ƙasarsu: tafiya da tangaɗi kamar mashayi, rawar hannu, nauyin harshe, daga baya hankali ya rikice. A 2002 kuma Dakta Bennet Omalu, mutumin Anambra mai binciken gawa a birnin Fitsbag, ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, gwanin ƙwallon Amurkawa wadda ake gware da kai, ya mutu yana da shekara 50 bayan ya daɗe cikin mantuwa da ruɗewa. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Da aka sa ta ƙarƙashin madubin likita sai ga wani gurɓataccen sinadari ya taru cikinta. Ya buga bincikensa a 2005, likitocin masu wasan suka nemi a janye shi, gama abin ya taɓa dukiya. A 2017 masana a Boston suka duba ƙwaƙwalwar manyan 'yan wannan wasa 111, suka sami cutar a 110. Amma fa a yi adalci: iyalan da suka ba da gawawwakin galibi da ma sun ga alama ga mamatansu.

To, mu ma muna da dambe. Ana ɗaure hannu da zare ya yi tauri, ana neman kai da haɓa, in mutum ya faɗi 'yan kallo su yi sowa su ce an kashe shi, makaɗa na zuga wanda ya kayar. In wanda aka kayar ya tsufa ya fara ɓata hanyar gidansa, yana faɗa da iyali ba dalili, sai a ce iskoki ne, ko kuwa abokan karawa sun yi masa sammu. Ba mai tuna naushin da ya sha.

Ku kuma attajirai da kuke saya wa yara babur su yi acaɓa, kuna karɓar balas kullum maraice: kuɗin hular kwano nawa ne a cikin kuɗin babur? Wanda ya ba yaro abin hawa ya hana shi abin tsare kansa, lalle akwai tambaya a wuyansa.

Mu malaman allo ba mu kuɓuta ba. Ranƙwashi, da mari, da ƙwala wa yaro gefen allo a ka, sun zama kamar gado a waɗansu tsangayu, gardawa ma sun fi malamai zafin hannu. Alhali Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya, tun ƙarni na uku na Hijira ya hana malami dukan kan yaro ko fuskarsa. Yaya za a zuba Alƙur'ani cikin mazubi, sa'an nan a riƙa ƙwanƙwasa mazubin?

Saura abu guda, shi ne mafi gaggawa. In dattijo ya faɗi a makewayi, ko ya bugu da ƙofar zaure, bayan mako uku ko wata biyu ya fara gyangyaɗi da rana, ciwon kai, maganarsa ta rikice, ko ɓari ɗaya na jikinsa ya yi rauni, kada a ce tsufa ne a zauna. Sau da yawa jini ne yake tsattsafowa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa yana danne ta. Likitoci na ganinsa a hoton kai, su huda ƙashin su zuƙe shi, kuma da yawa hankalinsu kan dawo da izinin Allah. A yi masa addu'a, a kuma kai shi babban asibiti a wannan rana, a gaya wa likita ranar da ya faɗi.