Farin Katako Ma Zane Ne

Sau da yawa idan aka nuna wa ɗalibai hoton aikin Ben Nicholson, mai zane ɗan Ingila (1894-1982), sai ka ji ana cewa, "Wannan ai ko yaro zai yi." Mu dai ba mu yarda ba.

A shekarar 1934 Nicholson ya ziyarci ɗakin aikin Mondrian a birnin Paris. A shekarun nan ne ya duƙufa ga sassaƙa da'ira da murabba'i a jikin katako, wani wuri ya lotsa, wani ya taso, sannan ya shafe duka da farin fenti. Ɗaya daga cikinsu, na 1935, yana hannun gidan adana zane na Tate a Ingila. Inuwa ce take fito da siffofin, tana kuma sauyawa duk inda haske ya juya.

Mai cika allo da launuka yana iya ɓoye kuskurensa. A kan fari kuwa, gefe ɗaya ya tsage, kowa zai gani. Saboda haka 'yan'uwa ɗalibai, kafin mu raina irin wannan aiki, mu ɗauki katako da kayan sassaƙa mu gwada a ajin zane tukuna.